Mai Sawun Ya Ƙetare Lafiya

Diyarbakir, Turkiyya
Daren Juma'a, tsakiyar Janairu

Kawu,

Ina gaishe ku gaisuwa mai yawa, ku da Iya da yara da duk mutanen gida. Yaya ɗari? Yaya gwiwar? Na san war haka hazo ya rufe Geceme, kuna bakin wuta tun asuba da butar shayi, kuna cewa sanyin bana bai kai na bara ba, kamar dai yadda kuke faɗa kowace shekara.

Saƙonku ya same ni ran Talata ina cikin aji. Sau bakwai na saurare shi. Ko gaisuwa babu a ciki: "Mai Labule, na ga gadarka. To, mai sawun nan fa, ina ya tafi? Ruwa ya faɗa?" Na so in amsa da murya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauko bik da takarda. Auta, ke za ki karanta masa. Ki bi a hankali, kuma kada ki tsallake inda na yi masa ƙorafi.

Bari in fara da gadar, ko da yake ba ku tambaya ba. Turkawa suna ce mata On Gözlü Köprü, wato gada mai ido goma. Idanun su ne bakuna goma da ruwa ke bi ta cikinsu, irin bakan gizon da magina ke ɗaurawa a soron sarki, sai dai waɗannan da dutse aka ɗaura su. Kogin kuwa Dijla ne, Kawu, Dijlan nan da Malam ke haɗawa da Furatu in ana labarin Bagadaza. Tsawonta kusan mita 180. A jikinta akwai rubutun Kufi mai shekara ta 457 bayan Hijira, wato 1065, zamanin sarakunan Banu Marwan, Kurdawa. Na zauna na yi lissafi: ta girmi Surame ta Kanta da fiye da shekara 400, ta girmi jihadin Shehu da shekara 739. Gadar Kennedy da muka ƙetare ranar da kuka raka ni Yamai, wadda aka gama a 1970, ko a jikokinta ba za ta shiga ba.

Dutsen baƙi ne wuluk, na aman wuta, daga tsaunin Karajada aka kwaso shi. Da shi aka yi ganuwar birnin, wadda ta kusa kilomita 6, da Babban Masallaci, da tsoffin gidajen cikin gari. Tun 2015 UNESCO ta sa ganuwar da lambunan Hevsel na bakin kogi cikin kayan tarihin duniya. Yanzu mota ba ta hawa gadar, sai ƙafa.

Daren da ya gabaci ɗaukar hoton, dusar ƙanƙara ta fara sauka ne bayan lisha. Ba ta da ƙara ko kaɗan. Mu da muka saba ruwa ya sanar da kansa da iska da tsawa da kukan kwano, abin yana da ban tsoro a ce sama ta kwana tana zuba ba ka ji ba. Da na idar da sallar asuba na leƙa taga, sai na ga gari ya yi fari fat kamar an shimfiɗa masa likkafani sabo. Na damƙo ta a hannu, Kawu. Wanda ya fara ce mata dusa ya san dusa: haka take, mara nauyi, kamar wadda Iya ke sheƙewa bayan surfe, sai dai kafin ka gama kallo ta zama ruwa. In ka taka kuma tana ƙara irin ta busasshen garin rogo a cikin buhu.

Daga Ƙofar Mardin na gangara da ƙafa, tafiyar kusan kilomita 3. Na kafa ƙafa-uku a gaɓa, daidai inda idanun goma ke jere. Na ɗauki hoton farko, na duba, gabana ya faɗi. Dusar da ke gabana fara ce sol, ta cikin hoton kuwa kamar tokar murhu. Dutsen ya zama baƙin tabo, ba ka rarrabe wannan da wancan.

Dalilin kun san shi, ko da ba da wannan bakin ba. Ma'aunin haske na cikin kyamara ba ya san abin da yake kallo. An saita shi ne a kan cewa duniya duka ruwan toka ce, mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta. Sabuwar dusa kuwa tana mayar da sama da kashi 80. Sai kyamara ta firgita, ta ce haske ya yi yawa, ta tsuke ido, fari ya koma toka, baƙi ya nutse.

Nan take na tuno Sallar Layya. Alhazai a jere gaban labulenmu mai hoton jirgin sama, kowa cikin farar shadda mai sheƙi, rana tsaka, ni kuma ina riƙe da gefen labulen iska na neman ƙwace shi. Kukan matsa kusa da mutum, ku auna hasken a kumatunsa, ku ja da baya, ku buɗe idon Yashica taki ɗaya ko biyu. Na tambaye ku dalili, kuka ce: "Fuska aka zo ɗauka. Riga ta ji da kanta." Farar shadda da baƙar fuska, farar dusa da baƙin dutse, ashe karatu ɗaya ne. Na ƙara haske taki ɗaya da rabi, sai ga gadar ta fito, kowane dutse da layinsa. A bayan kyamarar akwai wani ɗan zane mai kama da tudu da ke nuna inda haske ya taru. Na riƙa lura kada tudun ya jingina da bangon dama, don in ya jingina, farin ya ƙone ke nan, ba mai dawo da shi. A bakin Dijla, cikin sanyin da ya kai ƙasa da sifiri, muryarku ce ta gyara mini hoto.

Sanyi kuwa ya gwada mini hali. Batir ɗin da na kwana ina caji bai yi rabin awa ba ya mutu. Sai da na cusa shi aljihun ciki ya ji ɗumin jiki, sannan ya farfaɗo. Numfashina ma in na matso sai ya rufe gilashin. Da zan shiga rumfar mai shayi, na ɗaure kyamarar cikin leda tukuna, don in ta fito daga sanyi ta shiga ɗumi kai tsaye, raɓa ce za ta kwanta mata har ciki. Na tuna yadda kuke naɗe taku cikin tsohon zanen Kaka in hunturu ya taso. Ku ƙura kuke gudu, ni raɓa, amma naɗin iri ɗaya ne.

Na gwada saurin ƙiftawa kala-kala. A 1/30 dusar da ke zuba ta zama zare-zare kamar ruwan Agusta. A 1/500 ta tsaya cak a sama, kamar an watsa auduga. Na tsaya a 1/250, inda take da ɗan motsi amma ana ganin ƙwayarta.

To, ga mai sawun. Wajen ƙarfe takwas wani dattijo ya hawo gadar daga wancan ƙetaren, da sanda, da wando mai faɗi irin buje, da burodi uku a leda. Shi ne mutum na farko da ya taka ta a ranar. Yana isa tsakiya, daidai kan babban ido, girgije ya tsage, rana ta leƙo, dusar ta yi ruwan zinariya. Na danna. Ya hango ni, ya ɗaga sanda ya yi mini sallama, na amsa da ƙarfi. Na jira ya sauka in ɗauki gadar ita kaɗai, amma kafin ya kai ƙarshe rana ta koma. Ba ta sake fitowa ba har azahar. Hoto mai hasken kirki guda ɗaya na samu, kuma yana ciki.

Da dare na zauna gyara. Akwai irin ajiyar da ake kira RAW, ita ce kilishen hoto na zamani, kilishin nan da Kaka ke cewa ba ya ciwuwa. Hoton da waya ke turawa matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, wannan kuwa ya haura 16,000, shi ya sa ake iya tono abin da ya ɓuya a duhu. Na buɗe shi a Lightroom. Inuwar dusar ta fito shuɗiya, saboda inda rana ba ta kai ba sararin sama ne ke haska shi. Na rage shuɗin, amma ban kashe shi duka ba, don ina so mai kallo ya ji sanyin a jikinsa. Na ɗaga duhun ƙarƙashin bakunan har gaɓoɓin dutsen suka bayyana. Na sassauta farin har aka ga tudu da kwarin dusar. Na miƙe layin ruwa da ya ɗan karkace. Duk wannan ba na jin kunyarsa.

Abin da ya biyo baya shi nake jin kunya. Akwai wani maɓalli na shafewa. Na zagaye dattijon da shi sau ɗaya, kwamfuta ta ɗauke shi, ta cike gurbin da dutse da dusar da ta ƙirƙiro. Ko minti bai ɗauka ba. So nake gadar ta fito tsaf kamar ta kalanda, a ce ɗan Arewa ya iya. Mutumin da ya yi mini sallama na amsa, shi na share don ya tare mini dutse. Sawunsa kuwa na bar shi, tun daga bakin gada har tsakiya, inda ya yanke kamar an ɗauke mai shi sama.

Na sa shi a Facebook. Abokan karatu sun yaba, Turkawa sun yaba, har da masu kyamarorin da suka fi tawa tsada. Ba wanda ya ga komai. Sai ku, a kan wayar Auta mai tsagaggen gilashi, da idon da yana ta cinye rabinsa. Ban yi mamaki ba. Ku ne kuka bi sawun ragon Baba tun daga turke har bakin fadama, kuna cewa wanda ya ja shi yana ɗingisa ƙafar hagu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na ji, na karɓa. Ku yafe mini.

Amma saƙo na biyu da kuka aiko Auta da shi, cewa hoton kwamfuta duk ƙarya ne, wannan kam ban karɓa ba, Kawu. Ku tuna akwatin katako. Ina ƙarami lokacin, amma ina ganinku yanzu a gindin dalbejiya, 'yan lakkol sun yi layi don hoton jarrabawa, hannunku cikin hannun rigar da kuka ɗinka a jikin akwatin, kuna lalube a duhu tsakanin tasoshin magani biyu. In kilishen takarda ya fito, kukan ɗauki ɗan buroshi ku shafa jan ruwa a fuskar yaro, sannan ku kafe shi gaban gilashi ku sake ɗauka. Takardar ba ta ganin ja, don haka fuskar sai ta fito da haske, uwa ta gane ɗanta. Mene ne wannan in ba gyara ba? Kuma sau nawa kuka mayar da hotuna wurin wanki don sun dawo da amarya kamar an shafa mata gawayi? A nan na karanta cewa shekaru da yawa masu yin fim mai launi da farar fata suke saita injinansu. Faɗan da kuke yi, ashe da gaskiyarku.

Ga inda na tsaya bayan kwana uku ina juya maganar. Kyamara ba ta gani kamar ido. Tana mayar da fari toka, tana nutsar da baƙi, kuma wajibin mai hoto ne ya dawo da abin da idonsa ya shaida. Wannan amana ce. Amma wanda ya tsaya a wurin ya tsaya, ba ni da ikon cewa bai tsaya ba. Ku kun haska fuska, ba ku taɓa canja wa yaro hanci ba. Manyan masu hoton jarida ma a nan suka ja layi. A gasar World Press Photo ta 2015, kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe an fitar da su saboda irin wannan taɓi. Dokar da suka rubuta a Holand, ku kun faɗe ta da tambaya ɗaya daga Geceme.

Kafin in manta. Kankanar garin nan, Kawu, sai kun gani. Akwai wadda mutum ɗaya ba ya iya ɗaga ta. A yashin bakin Dijla ake shuka ta bayan ruwa ya janye, kuma takin tantabara ne sirrinta, har gidaje na musamman ake gina wa tantabarun don kashinsu. Na yi wa malaminmu na sashen noma maganar ƙasar fadamarmu ta Dallol Mawri. Ku ce wa Yaya kada ya sake zubar da sharar akurkin tantabarunsa, ya tara mini a buhu.

Yanzu ga nawa ƙorafin. Auta, ɗaga murya.

Ƙasa da nan, a kan wannan kogin, akwai wani tsohon gari, Hasankeyf. Shi ma yana da ginshiƙan wata gadar dutse ta ƙarni na 12. Da aka cika madatsar Ilisu, zuwa 2020 ruwa ya haɗiye tsohon garin da ginshiƙan. Wani abokin karatuna ɗan can ne. In kewa ta kama shi, hotuna yake buɗewa ya nuna mini: nan ne gidanmu, nan ne kasuwa. Abin da ya rage masa ke nan. Duk sanda ya yi haka, sai akwatin ƙarfenku na ƙarƙashin gado ya faɗo mini a rai.

Auta ta gaya mini gara ta shiga ɗakin, kuma da ta buɗe akwatin wari mai tsami ya bugo ta, wasu kilishen sun manne da juna. Kawu, wannan warin alamar fim ya fara ruɓewa ne, kuma mai ruɓa yana shafa wa na kusa da shi. Me ke cikin akwatin nan? Rabin mutanen ƙasarmu. 'Yan kokawa da layunsu, amare, maniyyata, tsoffin da suka zauna gabanku sau ɗaya tak a rayuwarsu don katin ɗan ƙasa, kasuwa tun tana rumfunan kara. Mutanen Lido da Fadama da Tibiri da suka yi sammako don ku. Kun ce tarkace ne, wa zai nema? Ni zan nema. Jikokinsu za su nema. Don Allah a ɗaga akwatin a kan bulo, a ware masu warin daban, a sa sauran cikin ambulan na takarda, ba leda ba, a ɗakin da ya fi sanyi. In na zo hutu zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya in zuba a kwamfutar nan da kuke zargi.

Malick Sidibé na Bamako da ido ɗaya ya yi aikinsa tun yana yaro. Ya adana kilishensa cikin kwalaye, kowanne da kwanan wata. A 2007 aka ba shi Zakin Zinariya a Benis ta Italiya, kuma har ya rasu a 2016 mutanen unguwa na zuwa neman hoton iyayensu. Ba lambar nake kwaɗaya muku ba. Kwalayen nake nufi.

Sai maganar ido. Jikka hamsin ɗin da na aiko don a kai ku a duba, na ji inda suka tafi: taki, da sunan gidan maƙwabta, da bashin wani. Allah ya ba da lada, amma raina ya ɓaci. Yana ba makanta ba ce, Kawu. Aiki ne na ɗan lokaci, a cire gilashin da ya yi hazo a sa sabo, kamar dai yadda kuke canja wa Yashica. Kun ce shekaru sun ja, me ya rage ku gani? Mutumin da ya hango sawu a dusar da bai taɓa takawa ba, shi ke wannan magana? Zan sake aikowa ƙarshen wata, a hannun Yaya wannan karon, shi zai kai ku Dosso ko Yamai. Kuma ina roƙonku, kada ku bari masu sokar ido na kasuwa su taɓa ku.

Akwai hoto ɗaya da nake so a fara nemo mini. Na Inna, Allah ya jiƙanta, ranar da ƙorama ta kawo ta raba mu da gona. Tana tsakiyar ruwa, ta tattare zane zuwa gwiwa, ƙwaryar fura a ka, tana yi muku faɗa don kun tsaya ɗaukar hoto maimakon ku karɓe ta. A gefen hoton akwai rabin jakin wani, da kunne ɗaya da gindi. Kullum kukan ce jakin nan ya ɓata muku aiki, amma ba ku taɓa sa almakashi kun yanke shi ba. Yau na gode da ba ku yanke ba. Saboda jakin nan nake tuna cewa a kansa aka ɗora ni aka ƙetare da ni, ina kuka, tana waiwayowa tana cewa in riƙe gam. Da kun gyara hoton ya yi tsaf, da kun share mini ranar.

In damina ta kama ina gida, za mu je wurin tare, ku da sabon ido, ni da ƙafa-uku. Za mu ɗauki ɗan kadarkon da aka yi a mashigar, ko da siminti ne ba dutse ba, da duk wanda Allah ya kawo kansa, mai jaki ko mai kabu-kabu. Daga nan, in hanya ta yi kyau, ina so mu ga duwatsun Surame. Kunya ce in san gadar Banu Marwan dutse-dutse ban taɓa ganin ganuwar Kanta ba.

Na koma kan kilishen jiya. Abin da ya yi kyau da shi, ba ya mantuwa: dattijon na nan inda yake, da sandarsa a sama. Na mayar da shi. Na kai aka wanke mini biyu a takarda mai kauri. Ɗaya na bar wa mai shayin bakin gada, ya ce ya san shi, kullum da safe yana wucewa, zai ba shi. Ɗayan na sa cikin littafi, naku ne, ba zan turo shi ta waya ba. Sai an buɗe muku bandeji zan miƙa muku da hannuna, ku duba da kyau ku gaya mini abin da ya rage.

Amsar tambayarku kuwa, Kawu: bai faɗa ruwa ba. Ya ƙetare lafiya, da burodinsa uku.

A gaida Iya, a gaida Yaya da iyalinsa, a gaida Malam a ce ina neman addu'a, jarrabawa ta matso. Auta, sannu da karatu, tsarabarki na nan. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ɗanku,
Mai Labule